Tarihin Na-Ƙaho, Injiniyan da Ya Sa wa Kwale-kwale Hular Kwano

Haihuwarsa

An haifi marigayi Injiniya, wanda aka fi sani da laƙabin Na-Ƙaho, a shekarar 1938, a unguwar masunta ta wani gari da ke bakin teku. Mahaifinsa masunci ne mai kwale-kwale ɗaya na kansa, mahaifiyarsa kuwa sana'arta gyaran komar kamun kifi. Tsofaffin unguwa sun tabbatar da cewa a daren haihuwarsa an ji wata ƙara daga wajen ruwa wadda ba a taɓa jin irinta ba, mai kauri kamar kukan bijimin da ya faɗa rijiya, ta yi, ta tsaya, ta sake yi, har karnuka suka yi tsit, ungozoma ta saki kwanon ruwan zafi. Waɗansu suka ce wata dabbar ruwa ce ta rasa ɗanta. Da gari ya waye aka ga ashe ƙaton jirgi ne, na farko da ya zo tun da aka yashe mashigar tashar jiragen ruwa, hazo ya rufe shi yana busa ƙaho don kada ya taka wani, tun da ba ya ganin gabansa. Daga nan laƙabi ya bi jaririn, ya danne sunan yanka har ranar wafatinsa.

Bayansa an haifi mata biyu, sannan a shekarar 1943 aka sami namiji wanda ya rufe ƙofa, shi ne Auta, wanda ambatonsa zai yawaita a cikin wannan tarihi.

Ƙuruciyarsa da karatunsa

Tun yana ƙarami aka gane ruwa bai karɓe shi ba, domin duk ranar da aka sa shi a kwale-kwale sai ya amayar da abin da ke cikinsa tun ba a yi nisa ba. Mahaifinsa ya yi haƙuri har ya gaji, ya ce, "Wannan yaro ciyar da kifi ya zo yi, ba kama shi ba." Saboda wannan lalura aka sa shi makaranta a shekarar 1946, alhali sa'o'insa suna koyon jan koma.

An ruwaito cewa babban wasansa a lokacin shi ne ya tsaya nesa da bangon sito na tasha ya ƙwala kira, ya saurari muryarsa ta dawo, sannan ya ja da baya ya sake, yana lura da yadda amsar take ƙara jinkiri gwargwadon nisansa. Leburorin tasha sun ɗauka taɓin hankali ne. A shekarar 1953 ya ci jarrabawar shiga makarantar sana'a, inda ya karanta lantarki da gyaran rediyo, ya fita da sakamako mai daraja.

Fara aiki da wasiyyar mahaifiyarsa

A shekarar 1958 hukumar tasha ta ɗauke shi aiki a ɗakin rediyo da ke saman hasumiya, ɗaki mai tagogin gilashi ta fuska uku, da fanka ɗaya mai kuka, da kujera mai juyawa wadda ma'aikata suke rigima a kanta. A shekarar 1960 mahaifinsa ya rasu bayan gajeriyar jinya, kwale-kwale ya koma hannun Auta yana ɗan shekara goma sha bakwai. Bayan an share makoki mahaifiyarsu ta kira babban ɗanta ta yi masa magana ɗaya wadda ta zame masa wasiyya. Ta ce, "Kai kana kallon ruwa ta gilashi, ƙaninka yana cikinsa. To, ka sa ido a kansa."

A wancan zamani babban abin tsoron masunci shi ne manyan jirage, domin kifi ya fi taruwa a gefen hanyarsu, su kuwa ba sa ganin abin da ke ƙarƙashin hancinsu. Dabarar masunta ita ce kowane kwale-kwale ya riƙa tafiya da tsohuwar garwar kananzir, in hazo ya sauka ko ruwan sama ya tsuge, sai a yi ta dukanta da itace har matuƙin jirgi ya ji ya kauce.

Ƙaro ilimi da sanin zangunan rada

A shekarar 1962 aka tura shi wata ƙasa mai sanyi don ya koyi na'urar rada. Da ya ga yadda take aiki sai ya yi dariya a gaban malaminsa, domin ashe wasansa ne na bangon sito: na'ura ta ƙwala kira da igiyar rediyo, ta saurari amsa, ta auna jinkirin, ta zana ɗigo mai haske a kan allo.

Kowa ya san gajeren zango na akwatin rediyo, wanda ake aunawa da mita. Na rada kuwa ya fi shi gajarta nesa ba kusa ba, da santimita ake auna shi, an kuma raba shi gida-gida, kowane gida da harafinsa. An ce a lokacin babban yaƙi aka zaɓi haruffan a hargitse da gangan, don kada abokan gaba su gane. Akwai zangon L, mai tsawon kusan taƙi guda, wanda ke hango jiragen sama tun daga nesa. Akwai zangon S mai santimita goma, wanda ke kaɗawa kusan sau miliyan dubu uku a cikin daƙiƙa ɗaya. Akwai C na tsakiya, da masu duba yanayi suke so. Akwai X mai santimita uku. Mafi ban mamaki shi ne K, wanda masana suka ƙera masa na'urori da murna, sai suka tarar danshin da ke cikin iska yana shanye shi kamar yadda yashi ke shanye ruwa, dole suka koma sama da shi da ƙasa da shi. Marigayi ya kasance yana son ba da wannan labari, yana cewa ko iskar da ba a gani tana da abin da take ci.

Biyu daga ciki su ne na teku, wato S da X, ya kuma bayyana bambancinsu da harshen gidansu. Ya ce mai santimita uku koma ce mai ƙananan idanu, tana kama ƙaramin kifi, amma tana kwaso shara, domin in ana ruwa kowane ɗigo sai ya amsa mata, allo ya yi fari fat kamar an watsa gari. Mai santimita goma kuwa taru ne mai manyan idanu, ruwan sama yana wucewa ta cikinsa, amma ƙaramin kifi ma haka.

A shekarar 1964 ya dawo, aka kafa rada ta farko a hasumiya, mai santimita uku, aka danƙa masa kulawa da ita. A ranar da aka kunna ta ya ga jirage, ya ga duwatsun mashiga, ya ga har tukwanen ƙarfe masu nuna hanya. Ta taga yana hango kwale-kwalen Auta da idonsa, amma a kan allo babu shi, saboda itace ba ya mayar da amsa sai kaɗan.

Aurensa

A shekarar 1965 ya auri 'yar wani maƙerin kwano na bayan kasuwa, mace mai haƙuri da kaifin baki, wadda ta ce ta yarda da shi ne domin a duk masu nemanta shi kaɗai ne ba ya ƙarnin kifi. Suka kama gida mai ɗaki uku a kan tudu, wanda tagar ɗakin kwanansa take kallon gaɓar da masunta ke jan kwale-kwale. Allah ya albarkaci auren da zuriya, ya kuma haɗa Injiniya da surukin da ya iya lanƙwasa kwano daidai da zane.

Ƙaramar hula

A shekarar 1969, bayan dogon nazari, ya kai wa surukinsa zanen wani abu: faranti uku na kwano a sarƙe da juna, kowanne a tsaye cak a kan ɗan'uwansa, har su ba da lungu takwas. Hikimar ita ce duk igiyar da ta shiga lungu sai ta yi tsalle ta koma inda ta fito. Maƙerin ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, "Injiniya, ban san me wannan zai dafa ba, amma garwa ɗaya za ta fitar da guda." Faɗinta ya zo taƙi ɗaya da 'yan yatsu.

Aka ɗaura ta farko a kan gora a kwale-kwalen Auta, a tsakiyar rani, sama garau. Da ya fita, sai ga shi a kan allo yana ƙyalli kamar tauraro. Aka hau da dattawan masunta hasumiya ɗaya bayan ɗaya suka gani, wani ya shafa gilashin ya ce, "Ashe Auta ɗan mitsitsi ne haka!" Masunta suka raɗa mata suna hula. Kafin damina ta biyu babu kwale-kwalen da ba shi da ita, Auta kuwa ya fi kowa alfahari, yana cewa hular Yayansa ta sa manyan jirage suna gaishe shi.

Sai dai abu biyu sun auku waɗanda ba wanda ya lura da su. Na farko, garwar da kowane masunci ya kai wa maƙeri ita ce garwarsa ta duka, domin a ganinsu mai hula ba ya bukatar ƙara. Na biyu, sababbin manyan jirage sun fara zuwa da rada biyu, S da X, alhali ba a gwada hular da komai ba sai X ta hasumiya.

Hatsarin shekarar 1971

A daminar 1971, wata rana da hantsi, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Auta yana gefen hanyar jirage da mutanensa, ya ƙi janye koma saboda ya dogara ga hula. Wani jirgin kaya mai shigowa ya raba kwale-kwalen mahaifinsu gida biyu. Ba a rasa rai ba, amma ƙafar Auta ta hagu ta karye wuri biyu, bai ƙara taka ta daidai ba har tsufansa.

A wajen bincike matuƙin jirgin ya ba da shaida cewa da ruwa ya makantar da mai santimita uku sai ya koma kan mai goma, kamar yadda ƙa'ida ta tanada, bai kuwa ga komai ba, bai ji komai ba. Injiniya, wanda ke kan aiki a ranar gaban allo fari fat, ya tashi ya gaskata shi. Ya ce hula mai wannan girma amsar da take bai wa S ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na wadda take bai wa X ba, wato ƙaramin kifi ne ya bi ta idon taru, kamar yadda shi da bakinsa ya sha faɗa.

Da Injiniya ya je asibiti dubiya, Auta ya dube shi ya ce, "Yaya, ina taya ka murna. Jirgin Baba ya tafi, ƙafata ta tafi, hularka kuwa an tsamo ta ko lanƙwasa ba ta yi ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Kwanonka ba zai sake hawa jirgina ba."

Babbar hula

Da wani ne da ya watsar da al'amarin, amma Injiniya sai ya koma kan lissafi. Ya tabbatar da cewa in aka ninka faɗin hula sau biyu, amsarta tana ninkuwa sau goma sha shida, don haka hula mai faɗin kamu guda za ta ishi taru mai manyan idanu. A shekarar 1972 shi da surukinsa suka ƙera ta da farin kwano mara tsatsa, ya roƙi wani matuƙi ya gwada ta da S a cikin ruwan sama, ta fito sarai.

Ta farko ya yi wa Auta ne, wanda ya riga ya sassaƙa sabon kwale-kwale. Ya aika masa da ita har gida. Kafin la'asar ta dawo da saƙo: "A gaishe da Yaya, a ce kajina sun gode, amma sun riga sun sami akurki." Injiniya ya jingine ta bayan ƙofar shiga gidansa. Daga wannan shekara, duk farkon damina sai ya goge ta da toka har ta yi ƙyalli ya aika, ita kuma ta dawo da sabon ba'a. Wata shekara aka ce a ba Yaya ya tara ruwan sama, wata shekara aka ce kan Auta bai kai girmanta ba. Matarsa, wadda take rataya tsumman goge-goge a jikin hular sauran watanni, ta ce, "Malam, ni dai hular nan ta fi ni zuwa gidan ƙaninka." Ban da wannan batu babu abin da ya shiga tsakanin 'yan'uwan, suna cin abinci kwano ɗaya, 'ya'yansu suna kwana gidajen juna. Mahaifiyarsu ta rasu a shekarar 1973 hular tana bayan ƙofa.

Sauran masunta ma ba su karɓe ta da sauƙi ba, domin wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Suka ce tana da nauyi, tana kama iska, tana sarƙe koma. Ya bi su gaɓa-gaɓa a ranakun hutunsa, mutumin da ko tsayawa a kwale-kwalen da ke ɗaure yana juya masa ciki, yana maimaita musu kalma ɗaya: hula da garwa, kada ɗaya ta kori ɗaya. A shekarar 1976, bisa nacinsa, hukumar tasha ta kafa rada mai santimita goma kusa da ta farko, hasumiya ta zama mai ido biyu, aka naɗa shi shugaban sashen.

Guguwar shekarar 1984

A shekarar 1984 wata guguwa mai ruwa ta taso da rana tsaka ta watsa masunta cikin teku. Allon X ya yi fari, amma a kan allon S ɗigo-ɗigo suka tsaya daram. Injiniya ya zauna da rediyo a hannu yana jagorantar jirgin ceto daga ɗigo zuwa ɗigo, har aka tattaro duk mai babbar hula. Mutanen gari ba su manta da wannan rana ba, yara da yawa da aka haifa a shekarar an yi musu laƙabi da nasa.

Kwale-kwale ɗaya ne ba a gani a allo ba, na Auta, da 'ya'yansa maza biyu a ciki. Injiniya bai sauka daga hasumiya ba sai da aka aiko masa cewa sun fito da kansu a wata gaɓa mai nisa. Da suka haɗu Auta ya ce, "Ka gani ko, Yaya? Kai babu hula muka dawo." Injiniya ya ce, "Na gani, Auta. Abin da ban gani ba shi ne ya dame ni." Bayan wannan shekara ba a ƙara samun kwale-kwale mara hula a gaɓar ba sai guda.

Ritaya da shekarun tsufa

Ya yi ritaya a shekarar 1993 bayan hidimar shekara talatin da biyar, aka yi masa taron girmamawa, ya bar almajirai da dama a fannin. Ya koma zaman gida kusa da tagarsa, yana ba maƙwabta labarin abubuwan al'ajabi da ya gani a allo, musamman wani zobe da kan bayyana da sassafe a kan tsibiri, ya yi ta faɗi har ya ɓace, wanda ya daɗe kafin ya gane tsuntsaye ne suke tashi gaba ɗaya daga makwancinsu. Da 'yarsa ta kawo masa akwatin lantarki mai ɗumama abinci, ya bincika ya ce zangonsa santimita goma sha biyu ne, maƙwabcin S, wato rada ce aka kulle a akwati aka sa ta aikin kicin. Bai taɓa buɗe shi ba sai ya fara ba shi haƙuri.

Auta ma ya daina fita, ya bar wa 'ya'yansa da jikokinsa kwale-kwale, amma sharaɗinsa na nan, cewa hula ba za ta hau shi ba. Duk ranar da hadari ya haɗu akan ga Injiniya a taga har sai sun dawo.

Rashin lafiyarsa da wafatinsa

A farkon daminar 2009 ciwon ƙirji ya kwantar da shi, wannan ce kuwa shekara ta farko da ba a goge hular ba, ba a aika ba. Auta ya riƙa hawo tudun kullum yana jan ƙafa, ya zauna a gefen gado, su yi hira. Gida ya cika da masu dubiya, ana shiga ana fita. Marar lafiyan yakan nemi a tayar da shi zaune ya dubi gaɓa, wata rana ya iya, wata rana ya kasa.

Ya rasu da safe, bayan an ɗauke ruwa, yana da shekara saba'in da ɗaya. Aka yi masa sutura aka kai shi makwancinsa a maƙabartar da ke bayan tudu, kusa da iyayensa. A ranar babu masuncin da ya fita, jiragen da ke tasha kuma suka busa ƙaho gaba ɗaya, abin da tsofaffi suka ce da shi aka tarbe shi, da shi aka raka shi.

Ya bar matarsa da 'ya'ya biyar: babban ɗansa, injiniya a hasumiyar da mahaifinsa ya yi aiki, mai bi masa, malamar lissafi, sai matuƙin jirgin ceto, sai ma'aikaciyar jinya, sai ƙaramarsu, wadda ta gaji maƙerar kakanta, ita ce kuma ke ƙera huluna a yau. Ya bar jikoki da dama, da ƙannensa mata biyu, da Auta.

A hanyar dawowa daga maƙabarta, inda hanya ta bi ta saman gaɓa, jama'a suka ga farin kwano yana ƙyalli a kan kwale-kwalen Auta, an goge shi da toka, an ɗaure shi a sabuwar gora, ga garwa a rataye a gindinta. Da aka isa gida aka duba bayan ƙofa, babu komai sai shatarta a ƙasa, da tsumman goge-goge a ninke a gefe. Uwargidan ta ce ita ba za ta iya cewa tun yaushe ba, hankalinta ba ya wurin.

Aka shimfiɗa tabarmi aka zauna karɓar ta'aziyya. Can sai maƙwabcinsu tela, tsoho wanda ba ya iya riƙe magana a ciki, ya matso ya dafa gwiwar Auta ya ce, "Auta, don Allah, yaushe ka ɗauke ta? Lokacin Yayanka yana da sauran ƙarfin tashi ya leƙa taga ya gan ta, ko kuwa?"

Auta ya gyara zaman ƙafarsa ta hagu. Sannan ya ɗaga kai ya dubi tagar ɗakin Yayansa, wadda take kallon gaɓa.